Garin Neman Gira: Ango Da Katin Bikinsa A Jikwoyi

A zamanin da, idan aka sa ranar aure a ƙasar Hausa, gayyata ba ta wuce ƙwaryar goro da ƙafar ɗan aike ba. A sayo goro ƙwarya biyu ko uku, kowace ƙwarya guda 100, a ƙulla shi gwargwadon girman wanda za a kai wa, sa'an nan a bi gida-gida ana sallama, ana cewa wane yana gaisuwa, ran kaza za a ɗaura auren 'yarsa in Allah ya kai rai. Mata su ma suna da tasu hanyar, su rarraba alawa a tsakanin dangi da ƙawaye. Wanda ya sa hannu ya karɓi goro ya ɗauki alkawari ke nan, in kuwa bai halarta ba sai ya zo da hanzari mai ƙarfi. Wannan shi ne asalin abin da har yau ake kira goron gayyata, ko da yake sau da yawa babu goro a cikinsa ko ɓari guda.

Katin biki ya biyo boko ne da injin ɗab'i. Tun daga lokacin da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sana'ar ɗab'i ta yi ta yaɗuwa a Arewa, har ƙananan maɗaba'u suka cika birane, kati kuma ya tashi daga hannun 'yan boko da ma'aikatan gwamnati ya shiga gidan kowa. Yau an kai matsayin da in aka yi biki ba kati, sai ka ji ana tambaya ko lafiya. To, a nan ne talaka ya shiga tsaka mai wuya, domin kuwa al'ada ta ɗora masa kati, aljihu kuwa ya hana shi. Saboda haka samari da yawa suka koma yin katinsu da hannunsu, suna ganin ai tunda akwai waya akwai kwamfuta, me ya rage? Abin da ya sami wani saurayi a Jikwoyi a daminar 2024 ya isa ya nuna abin da ya rage.

Jikwoyi dai, ga wanda bai san ta ba, gari ne a gefen birnin Abuja, a kan hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Karu, ta wuce Kurudu da Orozo ta nufi Karshi. Asalinta ƙauyen Gwari ne. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi wannan yanki ya zama sabon babban birnin ƙasa a 1976, aka kuma tare a cikinsa a watan Disamba na 1991, sai tsadar haya ta riƙa koro masu ƙaramin ƙarfi zuwa irin waɗannan garuruwa, rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 kuma suka ƙara tunkuɗo jama'a. Yawancin mazauna Jikwoyi ƙananan ma'aikata ne da direbobi da masu gadi da malaman makaranta da 'yan tireda, waɗanda kan yi sammako tun da asuba su shiga cunkoson motoci na Nyanya da hawan Kugbo don su isa wurin aiki a cikin gari, su kuma komo bayan magariba a gajiye.

Saurayin nan malami ne a wata makaranta mai zaman kanta, mutumin Zariya, yana zaune a ɗaki guda da yake haya. Kafin a zo maganar kati ya riga ya sha ɗawainiya: kuɗin gaisuwa, sadaki, lefe, da hayar ɗaki da falo inda zai ajiye amarya. Ga shi kuwa lokacin da ya zo aure lokaci ne da kuɗi ya rasa albarka. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 kafin ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi, ta haura Naira 600 kafin ƙarshen watan Yuli na shekarar. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 a farkon 2023, ta wuce Naira 1,500 a Fabrairun 2024. Ko mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, ba kowace makaranta mai zaman kanta ta san da shi ba.

Da ya rage saura mako 5, sai ya shiga gari neman maɗaba'a. A da, duk mai son buga wani abu a Abuja rukunin shagunan UTC da ke Area 10 a Garki yake nufa, amma hukumar birnin ta rushe wurin a watan Yunin 2023. Ya dai yi tambaya har ya sami wani mai ɗab'i, ya ce yana son kati 300 mai launi, da ruwan zinariya, da ambulan. Kuɗin da aka yanka masa ya kusa cinye rabin albashinsa. Ya nemi ragi, mai shagon ya ce masa, "Malam, wallahi ba ni na sa kuɗin ba, kwalin ma daga waje yake zuwa." Saurayin ya fito yana ganin an so a cuce shi ne kawai.

Alhali kuwa mai shagon gaskiya ya faɗa. Nijeriya ta taɓa kafa manyan masana'antun takarda guda 3, ɗaya a Jebba, ɗaya a Oku Iboku ta Jihar Akwa Ibom, ɗaya a Iwopin ta Jihar Ogun, amma duka suka durƙushe a cikin shekarun 1990, ta yadda yawancin farar takarda da kwalin kati da tawada da ake aiki da su daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma da dala ake sayensu. In dala ta yi tsalle, katin biki ma sai ya bi ta. Bugu da ƙari, babban injin ɗab'i ba ya bugu sai an yi masa faranti, kowane launi da farantinsa, katin mai cikakken launi kuwa faranti 4 yake ci. Kuɗin farantin nan ɗaya ne, ko kati 100 za a buga ko 1,000. Shi ya sa mai buga kaɗan ya fi jin jiki, domin a kan 'yan katunansa ne duk kuɗin farantin zai hau. Ruwan zinariya na ainihi kuma aiki ne dabam, da zafi ake manna shi bayan an gama bugu, kuma shi ma da nasa kuɗin.

Saurayin bai tsaya sanin wannan duka ba. Ya koma Jikwoyi ya yi lissafi a bayan littafin darasi: takarda mai girman A4 tana ɗaukar kati 2, watau kwali 150 ya ishe shi, in ya haɗa da kuɗin bugu a shagon kwamfuta na bakin titi, bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka nema a Garki ba. Ya yi murna, har ya buga wa amarya waya ya gaya mata ya ceto musu kuɗin buhun shinkafa.

Dare uku ya yi yana tsara katin a wayarsa da Canva. Ya zaɓi shuɗi mai duhu ya yi shimfiɗa da shi, ya kewaye da furanni masu ruwan zinariya, ya zaɓo wani irin rubutu mai lanƙwasa kamar na takardar shaidar digiri. A nan matsala ta farko ta ɓullo. Yawancin waɗannan rubuce-rubucen ƙawa an yi su ne domin Turanci, ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba. Duk inda ya sa harafi mai ƙugiya, sai wani harafi dabam ya fito wanda bai dace da 'yan'uwansa ba, ko kuma ɗan akwati fanko. Da ya gaji sai ya cire ƙugiyoyin gaba ɗaya, ya ce ai kowa zai gane. Ta haka ne jerin manyan baƙi da ya rubuta a ƙasan katin ya koma jerin manyan baki, abin da abokansa ba su daina yi masa dariya a kai ba har yau.

Da ya kai aikin shagon kwamfuta, sai ya tura wa yaron shagon hoton ta WhatsApp. WhatsApp kuwa yakan matse hoto ya rage masa nauyi, abin da ke da kyau a fuskar waya sai ya fito dishi-dishi a takarda, domin bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Yaron ya ce bari ya sāke tsara shi a CorelDRAW, wanda shi ne masu ɗab'i suka fi aiki da shi. Garin sākewa sai Bisimillar da ke saman katin ta warwatse, haruffan Larabci suka rabu da juna suka juya daga hagu zuwa dama. Yaron shagon bai iya Larabci ba, bai ga aibu ba. Allah ya taimaka ango ya lura, aka gyara, amma an ci yini guda.

Kashegari babu wuta. Aka jira har la'asar, mai shago ya ce in ana so a tayar da janareto sai an ƙara kuɗi a kan kowane shafi, ango ya yarda don ba yadda zai yi. Ya riga ya sayo kwali mai sheƙi mai kauri, mai nauyin giram 300, irin wanda ya gani a katunan masu hali. Na'urar shagon kuwa ta saba da takardar ofis mai giram 80, saboda haka ta ja na farko ta maƙale, ta ja na biyu ta tauna gefensa. Waɗanda suka samu suka fito, tawada ta ƙi bushewa a kansu, domin kwali mai sheƙi an yi shi ne don babban inji, ba ya shan tawadar ruwa ta ƙananan na'urori. Wanda duk aka taɓa sai yatsa ya fito a jiki. Daɗin daɗawa, shuɗin da ya yi kyau a waya ya fito kamar baƙi, ruwan zinariyar kuma ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar kunun kanwa. Dalili kuwa shi ne, waya da haske take nuna launi, takarda kuma da gamin tawada 4, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, ba duk abin da haske ya nuna tawada ke iya kawowa ba. Ƙari a kan haka, shimfiɗa mai duhu tana shan tawada kamar rairayi, kafin a buga 40 kwalba ta yi ƙasa, mai shago ya ce lalle a sāke ciniki.

Kwalin farko ya tafi a banza. Ya sayo wani mara sheƙi mai sauƙin kauri, ya cire shuɗin ya bar farar shimfiɗa, aka buga 150 cikin kwana biyu. Saura yanka. Maɗaba'a tana da injin yanka da ke datse ɗaruruwa a sara ɗaya, shi kuwa ango reza ce da rula, da shi da abokansa biyu a kan tabarma, da fitilar waya. Wani katin ya fito da faɗi, wani ya fito siriri, wani an yanke masa rabin lambar waya. Ambulan da ya saya tun farko kuma ta yi wa katin kaɗan, sai da aka bi kowane ɗaya aka rage masa gefe. Ranar da ya ɗauki kashin farko zai kai wa abokan aiki, ruwan sama ya tare shi a kan acaɓa tsakanin Jikwoyi da Karu, ledar ta yi ɗan ɓuli, tawadar ruwa kuwa ba ta ga maciji da ruwa. Kati wajen 50 suka zama kamar an yi musu rini.

Duk wannan asarar kuɗi ce da lokaci, ana iya jurewa. Babbar masifar tana cikin rubutun da ba wanda ya duba.

Kowa ya san yadda katin ɗaurin aure yake farawa: iyalan wane da iyalan wane suna farin cikin gayyatar wane. Waɗannan layuka biyu na sama su ne zuciyar katin, domin a nan ake nuna wanda ya isa da yaro da wanda ya isa da yarinya. Mahaifin amarya ya rasu tun tana ƙarama. Ƙanensa, watau baffanta, wani dattijo a Keffi, shi ya ɗauke ta ya riƙe, ya ci da ita ya sha da ita ya sa ta makaranta, sai da ta gama sakandare ta komo wurin mahaifiyarta a Jikwoyi. Shi ne waliyyinta, a hannunsa aka nemi aurenta, shi ya yanka sadaki. Amma da ango ya zo tsara kati, sai ya rubuta sunan marigayi kaɗai a ɓangaren amarya, don yana ganin haka ake yi. A nasa ɓangaren kuwa ya sa sunan mahaifinsa, ya ƙara da na kawunsa har da sarautarsa, saboda kawun ya taimaka da akwati biyu na lefe. Bai nuna wa kowane babba ba kafin a buga, kuma don ɗoki, tun daren farko ya riga ya watsa hoton katin a waya.

Hoton nan ya yi ta yawo har ya isa Keffi, ya faɗa wayar ɗan baffan, shi kuwa ya nuna wa mahaifinsa. Watau dattijon da ya kamata a fara kai wa goro, a wayar ɗansa ya ga ranar auren 'yar da ya rena, kuma ya duba sama da ƙasa bai ga sunansa ba. Bai yi faɗa ba. Ya aika wa mahaifiyar yarinya cewa tunda an sami waɗanda suka isa, to, a je a ɗaura, shi Allah ya sa alheri. Duk wanda ya san dattawan Hausa ya san wannan magana ta fi zagi zafi. Saura kwana 12, ga kati ya watsu, ga waliyyi ya janye. Mahaifiyar amarya ta kwana tana kuka, gwaggon amarya ta kira ango ta ce masa, "Kai yaro, wa ya aike ka? Gidanku babu manya ne?"

Sai da aka taso ƙanen mahaifin ango daga Zariya. Suka sayi ƙwaryar goro da alawa da turare, suka ɗauki hanyar Keffi, suka sami dattijon a zaurensa bayan sallar azahar. Bayan an gaisa, baffan ango ya ce, "Alhaji, mun zo ne da ƙoƙon bararmu. Yaro ya yi aikin yarinta, mu kuma laifinmu ne da ba mu duba ba. A yi mana aikin gafara." Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, shekara 11 yarinyar nan tana cin tuwon gidan nan. Ban yi don a rubuta ni a takarda ba, don Allah na yi da zumuncin ɗan'uwana. Amma a ce ranar aurenta a wayar ɗan cikina zan gani?" Ango da ke durƙushe a bakin ƙofa ya ce, "Baba, na tuba, rashin sani ne." Dattijon ya dube shi ya ce, "Rashin tambaya dai. Tashi ka zauna." Ya sa hannu ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya ba baffan ango rabi. Da aka fito, baffan ango ya ce wa ɗansa ko sisin kwabo ba za a raba sauran katin nan ba.

Haka ango ya koma Garki, wurin mai ɗab'in nan da ya ce ya so ya cuce shi. Wannan karon kati 100 ya nema, launi ɗaya, kore a kan farin kwali, ba fure ba zinariya, sunan dattijon Keffi a sama tare da na marigayi. Faranti ɗaya aka yi, aka buga aka yanke cikin yini biyu, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Da ya zauna ya tara abin da ya kashe tun daga farko, kwali sau biyu, da kuɗin janareto, da tawada, da ambulan, da motar Keffi, da motar baffansa daga Zariya zuwa da komowa, sai ya ga ya haura abin da aka nema a wurinsa ran farko. Garin neman gira ya tashi rasa ido.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa yin kati da hannu laifi ne, ko kuwa dole sai talaka ya ci bashi ya yi na masu kuɗi. Neman sauƙi a aure abin yabo ne, addini ma shi ya koyar. An umurci a bayyana aure a yi walima gwargwadon hali, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce, amma ba inda aka ce sai da kwali mai ruwan zinariya. Abin da ake so shi ne mai neman sauƙi ya san inda sauƙin yake.

Da farko ya zauna ya ƙidaya waɗanda lalle sai an miƙa musu kati a hannu, kamar shugabannin wurin aiki da maƙwabta da abokan iyaye. Sau da yawa ba su kai 100 ba, sauran duka hoto a waya ya ishe su. Na biyu, ya rubuta kalmomin a farar takarda, ya kai wa babba ɗaya a danginsa da babba ɗaya a dangin amarya su karanta su amince, tun kafin ya taɓa waya ko kwamfuta, kuma kada hoto ya fita sai goro ya riga shi isa wurin waliyyi da sauran iyaye. Na uku, ya duba kalanda ya tabbata ranar da ya rubuta ta dace da kwanan watan, in kuma zai sa kwanan watan Musulunci ya tuna cewa wata yana iya yin 29 ko 30, sai Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganinsa, don haka ya dogara da sunan rana da kwanan watan Bature. Na huɗu, ya zaɓi launi ɗaya da farar shimfiɗa da rubutun da ya san ƙugiya, ya tura aikin a matsayin PDF, ya sa a buga guda ɗaya tak ya riƙe a hannu ya karanta da ƙarfi kafin a ci gaba. Akwai kuma malamai da ke ba da shawarar a bar sa ayoyi da sunan Allah a kati, saboda bayan biki a ƙasa ake ganinsa ana takawa, wannan ma abin dubawa ne. Daga ƙarshe, kafin ya yanke cewa maɗaba'a ta fi ƙarfinsa, ya tambayi kuɗin kati mai launi ɗaya, kada ya tambayi na 'ya'yan gwamna sa'an nan ya fito yana zagin mai shago.

An ɗaura auren nan ranar da aka sa, a wani masallaci a Jikwoyi, dattijon Keffi ne ya ba da aure da bakinsa, ya kuma yi doguwar addu'a. Katunan farko da ba a raba ba suna nan cikin leda a ƙarƙashin gado, amarya ta hana a zubar saboda Bisimillar da ke kansu. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya kuma buɗa wa sauran samarin da ke kan hanya, amin.